Allura a Jikin Lemo

A shekarar da mudun shinkafa ya fi ƙarfin albashi,
layin mai ya taso daga Bolari ya yi kwana har Tashar Dukku,
asibiti ya shiga wata na uku da yajin aiki,
Adda Dudu ta sayar da 'yan kunnen da ta gada,
ta biya kuɗin fasfo.

Ban san da maganar ba
sai da ta kira ni bayan tankin ruwa,
lemo a hagu, sirinji a dama.
"Gidado, zo ka koya.
Fatar Baffa ba ta kai wannan tauri ba."
Shekarata goma sha huɗu,
ko kaza ban taɓa riƙe wa mai yanka ba.

Na soka, hannuna na karkarwa kamar mazari,
lemo ya zubo hawaye guda a babban yatsana.
Ta ce sake. Na sake.
Bakwai muka huda kafin la'asar.
Inna ta ce almubazzarai,
ta kwashe ta yanka wa yara.

Baffa malamin firamare ne, shekara talatin da biyu,
fanshonsa na can yana barci a durowar wani.
Ya ce, "Ƙasa uwa ce,
ba a barin uwa don ta kwanta ciwo."
Adda ta ce, "Ai sai wani ya fita nemo mata magani."
Ya ƙara muryar rediyo.
Kwana tara gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Asubar tafiya bai raka ta tasha ba,
ya ce ƙafa.
Ni na ɗauki akwatin a kai tun daga Jekadafari,
yana ƙamshin daddawa da dambun nama.
Sai a Kano, wajen bincike, ta gani:
jan bironsa na gyaran jarrabawa
a naɗe cikin ɗankwalinta.

Daga nan na gaji aikin da ba a yi wa biki.
Na koyi cewa maganin sukari ba ya son zafi,
wuta kuwa baƙuwa ce a layinmu,
sai na binne kwalbar a jiƙaƙƙen yashi, gindin randa.
Na koyi hannun likita da ya fi tafiyar tsutsa karkata.
Na koyi yi wa Inna ƙaryar farashi
don ta iya haɗiye tuwo.
Daren farko Baffa ya ce, "Hannunka da nauyi."
Da damina ta faɗi ya daina cewa komai,
ɗage riga kawai yake, yana kallon rufi.

Ran Juma'a take kira daga Jidda,
muryarta na isowa a makare kamar kuɗin fansho.
Tana juya tsofaffin wasu a gado,
tana ba su ruwa a cokali.
Baffa ba ya karɓar waya,
amma kujerarsa kan matso.

Makon jiya na ɗaga na yi sallama,
ta ce, "Baffa? Ina wuni?"
Na ce, "Gidado ne."
Ta yi shiru, har na ji fankar ɗakinta.
"Yaushe muryarka ta fashe?"
Na rasa ranar da zan ba ta.

Ajinmu ya fara yoyo.
Manu ya bi ta Agadas, ba labari,
kujerar Yerima ta zama wurin ajiye jaka.

Jiya da magariba, allura na cikin fatarsa,
Baffa ya ce, bai dube ni ba,
"Kai ma kana lissafin hanya?"
Ladan ya ja, ya ja, ya sauke.
Na ƙirga goma, yadda ta koya mini,
sannan na zare a hankali,
na danne wurin da auduga.